Daga Katin Sito Zuwa Rumbun Bayanai

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sitokifa ne. Ya kama aiki a zamanin En'e, ya yi ritaya bayan gyaran 1976 da ya kawo ƙananan hukumomi, kuma duk tsawon shekarun nan da hannunsa yake buɗe kwado biyu da safe, da hannunsa yake rufe su bayan azahar. Sitonsa dogon ɗaki ne mai rufin kwano a yadin ma'aikatar ayyuka, taga ɗaya a can sama, ga warin fenti da baƙin mai da sabon siminti. Idan mun taso daga makaranta nakan kai masa abinci, in zauna a kan akwatin ƙusa ina kallon yadda yake aiki.

Katunan nan su suka fi tsaya mini a rai. Kowane irin kaya da katinsa, an huda shi an ɗaure da zare a jikin kantar da kayan suke. Siminti da nasa, shebur da nasa, ƙusa mai inci uku da nata daban da mai inci huɗu. A jikin katin an ja layuka: kwanan wata, lambar bauca, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya saura, sai wurin sa hannu. Kaya ba ya shiga sito sai da baucan karɓa, wanda ma'aikata har yau suke kira SRV, ba ya kuma fita sai da baucan fitarwa, wato SIV. Ana sa takardar kabon a tsakani don kofe ya fito, ɗaya ya bi kayan, ɗaya ya tafi wurin akawu, ɗaya ya zauna a jikin littafin. Shafukan lejar duk an buga musu lamba, saboda haka wanda ya yage shafi ya tona wa kansa asiri. In an yi kuskure ba a gogewa. Layi ɗaya ake ja a kai da jan biro, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a sama, a sa hannu a gefe.

A ƙarshen watan Maris, wanda a wancan lokacin shi ne ƙarshen shekarar kuɗi ta gwamnati, sai kwamitin ƙidaya ya zo. Ma'aikata ne daga wasu sassa, waɗanda ba su da hannu a siton. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za su ƙirga kayan ɗaya bayan ɗaya, su gwada da kati, su gwada katin da leja, su gwada lejar da bauca. In an samu giɓi, daga albashin sitokifa za a cire. Abin da ya ba ni mamaki ina yaro shi ne jin Baba yana cewa rara ma laifi ce. Na tambaye shi ta yaya kaya zai yi yawa a ce mutum ya yi laifi. Ya ce, "In kati ya ce hamsin, ka ƙirga ka samu hamsin da biyu, to akwai wanda ya sa hannu ya karɓi biyu bai tafi da su ba, ko kuwa akwai biyu da suka shigo ba a rubuta ba. Ko wanne ne, littafinka ya yi ƙarya."

Wannan sana'a ta girmi Baba, ta girmi En'e. Masu tonon tarihi sun gano cewa mafi yawan allunan yumɓu na farko da aka samu a birnin Uruk na ƙasar Iraƙi ta yau, masu shekara fiye da 5,000, lissafin hatsi ne da dabbobi. Ashe ma'aji yana cikin mutanen farko da suka buƙaci rubutu. Mu kuma a nan, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma 'yan kasuwarmu masu ilimi sun yi aiki da ita. Akwai littafin lissafin wani ɗan kasuwa mutumin Tuwat da ya zauna a Katsina a ƙarni na 19, Abul-Gaith, wanda masana tarihi suka yi nazari a kansa. Da Larabci ya rubuta sunayen waɗanda yake bi bashi da adadin abin da ke kansu. Sarautar Ma'aji kuwa tana nan a fadojinmu tun kafin Turawa. Abin da zuwan Turawa ya kawo shi ne fom bugagge da odita. A Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da jami'in mulkin mallaka Richmond Palmer, aka fara tsara baitulmali irin na zamani, wajen 1911 kuma tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu. Daga nan kuɗin En'e da kayanta suka shiga leja mai layuka.

Ita lejar daga Italiya ta biyo hanya. A 1494 wani malamin lissafi, Luca Pacioli, ya buga littafi a Venice inda ya bayyana yadda 'yan kasuwar birnin suke riƙe littattafansu. Ba shi ya ƙago hanyar ba, rubuta ta ya yi. Matakin farko da ya ambata shi ne ɗan kasuwa ya zauna ya lissafa duk abin da ya mallaka, a rana ɗaya, kafin ya buɗe kowane littafi. Lejar da na gani a teburin Baba jikanyar wancan tsari ce. Na ma ga lokacin da ta sauya kama a 1973: gurbin kuɗi uku na fam da sule da kwabo ya koma biyu, naira da kwabo, Baba yana ta jan sabon layi da rula a tsofaffin shafuka kafin sababbin littattafai su iso.

Ban gaji Baba a sito ba. Kwamfuta na karanta, a farkon shekarun 1990, lokacin da duk wanda ya shiga ajin kwamfuta a ƙasar nan zai sha WordPerfect da Lotus 1-2-3 da dBASE III Plus. Daga baya na samu aiki a wata kwalejin horar da malamai, a sashen kwamfuta. A can sana'ar Baba ta biyo ni ta tarar da ni.

A 1999 duniya ta shiga fargabar abin da aka kira Y2K. Tsofaffin na'urori da manhajoji da yawa suna rubuta shekara da lambobi biyu na ƙarshe kawai, ana tsoron idan 99 ta juya ta zama 00 za su ɗauka an koma 1900. Kafin ka gyara na'ura sai ka san kana da ita, saboda haka ofisoshi da yawa a duniya a shekarar ne suka fara ƙirga kwamfutocinsu da gaske. Mu ma takarda ta zo mana: a faɗi kwamfuta nawa muke da su, wace iri, a wane ofis. Na tafi sito na roƙi a buɗe mini leja. Abin da na tarar layuka ne 'yan kaɗan: rana kaza, kwamfuta guda kaza sun shigo, rana kaza, guda kaza sun fita zuwa sashe kaza. Sitokifan bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ya rubuta kwamfuta yadda aka koya masa rubuta siminti.

To amma buhun siminti ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa, kuma in ya fita sito ya fita ke nan, ya zama bango. Kwamfuta kuwa fitarta daga sito shi ne farkon tafiyarta. Abin da leja ta kira guda ɗaya, a zahiri abu biyar ne ko shida: akwatin injin, monita, kibod, linzami, UPS, wani lokaci da firinta. Kowanne da ƙafarsa. Monitar ofishin Rajistara ta ƙone, sai a ɗauko ta ɗakin karatu a ce aro ne na kwana biyu, kwana biyun ya zama shekara. Injin wancan ofis ya mutu, sai mai gyara ya zare RAM ɗinsa ya ƙara wa na wani, ya cire faifan ajiyarsa ya sa wa na uku. Akwatin yana nan a kan tebur, lambarsa tana jiki, amma cikinsa an kwashe. Ga shi kuma yawancin injinanmu haɗin gida ne, waɗanda ake harhaɗawa daga sassa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko a shagunan titin Beirut a Kano, ba su da wata lambar kamfani da za ka dogara da ita. Katin da ake liƙawa a bayan ƙofar kowane ofis, mai lissafa tebur da kujera da fanka, an yi shi ne don kayan da ba sa motsi.

Na ɗauki littafi da biro na zagaye ofisoshi, na dawo na zuba komai a shafi ɗaya na Excel. Kowace na'ura layi ɗaya: irinta, ofishin da take, sunan mai amfani da ita, wanda ya kawo ta, lambar wayarsa, halin da take ciki. Da farko abin ya yi kyau, takardar da aka nema ta fita a kan lokaci. Bayan 'yan watanni sai ɓaraka ta fara bayyana. Ofis guda ya fito da suna uku, wani wuri Ofishin Ma'aji, wani wuri Sashen Kuɗi, wani wuri Asusu, in ka nemi jimillar kayansa sai ka samu kashi ɗaya cikin uku. Ɗan kwangila ya sauya lambar waya, sai ka bi layi goma sha ka gyara, ka manta biyu. Na'ura ta je gyara sau uku, sai ka rasa inda za ka rubuta, ka ƙara gurbi: gyara na ɗaya, gyara na biyu, gyara na uku, shafin yana ta faɗi har ba ya buguwa a takarda.

Sai wata monita ta ɓace. Shafina ya ce tana wani ofis, mutanen ofishin suka ce ai tun tuni aka ɗauke ta, ba su san wanda ya ɗauka ba. Zargi ya faɗa kan masinjan sashen, dattijo mai iyali, don shi ne yake riƙe makulli da safe. Wata uku mutumin nan yana yawo da wannan tabo, mutanen da suka saba aikensa gidajensu suka daina. A ƙarshe aka samu monitar a shagon wani mai gyara a cikin gari. An kai ta ne da izinin baki, wanda ya ba da izinin an yi masa canjin wurin aiki, babu wanda ya rubuta. Har yau in na tuna fuskar dattijon nan ranar da aka dawo da ita, raina yakan ɓaci, domin rubutun da ya kamata ya wanke shi tun ranar farko a hannuna yake, bai kuwa wanke shi ba.

A cikin kwanakin nan na je gida da takardun a jakata. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa. Ya tsaya a kan ɗaya ya ce, "Wannan da ka ce tana ɗakin karatu, kafin nan ina take?"

Na ce, "Baba, a ofishin Rajistara take. Da aka mayar da ita sai na goge na rubuta sabon wurin."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ka goge? Wa ya ce a ɗauke ta? Wace rana? Wa ya karɓa?" Na yi shiru. Ya ce, "Ɗana, wannan ba littafin sito ba ne, allon makaranta ne. Kullum ana wankewa."

Daga baya, da na koma na karanta tarihin rumbun bayanai da natsuwa, sai na ga manyan injiniyoyin duniya sun shafe shekara ashirin suna kokawa da irin tambayoyin Baba, kuma kusan kullum a kan kayan sito suke kokawar. Na'urar IBM ta 1956 mai suna RAMAC, wadda ita ce ta fara zuwa da faifan ajiya, tana da faifai 50 da ke ɗaukar haruffa kusan miliyan 5, kuma babban abin da aka tallata ta da shi shi ne kamfani ya san lissafinsa da kayansa nan take ba sai ƙarshen wata ba. A farkon shekarun 1960 Charles Bachman ya gina wani tsari mai suna IDS a kamfanin General Electric don harkar masana'anta. Da Amurka ta tashi tura mutum duniyar wata, roket ɗin Saturn V da kumbon Apollo suna da sassa miliyoyi, kowanne sai an san wanda ya ƙera shi da cikin abin da ya shiga. IBM da kamfanin da ke ƙera kumbon suka haɗu suka gina manhajar da ta zama IMS, ta fara aiki a 1968 a Kalifoniya. Tsarinta kamar bishiya yake: roket a sama, manyan ɓangarori a ƙarƙashinsa, ƙananan sassa a ƙarƙashin waɗancan. In tambayarka ta bi reshe daga sama zuwa ƙasa, amsa tana zuwa da sauri, shi ya sa har yau akwai manyan bankunan da ke amfani da ita. In kuwa ka zo ta gefe, ka ce a nuna maka duk wuraren da ƙusar kamfani kaza ta shiga, sai an nemo mai rubuta manhaja wanda ya san hanyar da bayanan suka bi a cikin na'urar.

Wanda ya warware ƙullin Bature ne ɗan Ingila, Edgar Codd. An haife shi a 1923, ya karanta lissafi a Oxford, ya tuƙa jirgin sama na soja a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya ƙaura Amurka ya kama aiki da IBM. A watan Yunin 1970, yana ɗakin bincikensu na San Jose, ya buga wata maƙala mai shafi 11 a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM. Abin da ya ce a taƙaice shi ne a daina ɗaure bayanai da igiyoyin da sai gwani ya san inda suka bi. A zuba su a jadawalai, kowane jadawali a kan abu iri ɗaya, kowane layi da mabuɗinsa da ba ya maimaituwa. In jadawali biyu suna da alaƙa, a sa mabuɗin wannan a cikin wancan, shi ke nan. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so, na'ura ta nemo hanya. Misalin da ya yi ta amfani da shi a maƙalar ya sa na yi murmushi ranar da na fara ganinsa: masu kawo kaya, sassan kaya, ayyukan da ake kai wa kayan, da adadi. Bauca ce tsaf.

A 1971 ya ƙara da ƙa'idojin tace jadawali, waɗanda ɗalibai suke haddacewa a matsayin mataki na biyu da na uku. In ka tuɓe musu rigar lissafi, magana ɗaya suke yi: kowace gaskiya a rubuta ta wuri ɗaya, a inda ta dace. Lambar wayar ɗan kwangila sifar ɗan kwangila ce, ba ta na'ura ba, don haka gidanta jadawalin 'yan kwangila, sau ɗaya. Baba bai taɓa rubuta adireshin mai kawo siminti a katin siminti ba. Lambar bauca yake rubutawa, mai son adireshi ya bi lambar.

IBM ba ta yi hanzarin karɓar shawarar ma'aikacinta ba, domin IMS tana kawo mata kuɗi. Sai a wajen 1974 aka fara gwajin System R a San Jose, inda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara harshen tambaya da ya zama SQL. A daidai lokacin Michael Stonebraker da Eugene Wong suna gina Ingres a jami'ar Berkeley. Wani ƙaramin kamfani na Larry Ellison ya karanta abin da masu binciken IBM suke bugawa, ya riga su kasuwa da Oracle a 1979; DB2 ta IBM sai 1983. An ba Codd lambar yabo ta Turing a 1981, kuma ganin kowane mai sayar da manhaja yana liƙa wa hajarsa sunan tsarinsa, a 1985 ya fitar da jerin ƙa'idojin da za a auna ta gaskiya da su. Ya rasu a 2003. Ita dBASE da muka koya, wadda Wayne Ratliff ya fara rubutawa, ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba. Tana barin ka haɗa fayil da fayil, amma tsare alaƙar yana wuyanka. Abin da ya kawo tunanin Codd teburin ƙaramin ma'aikaci irina shi ne Microsoft Access, wadda ta fito a ƙarshen 1992. A cikinta kana jan layi da linzami daga jadawali zuwa jadawali, ka ce mata ta tsare alaƙar, ta kuwa tsare.

Da Access 97 na sake ginin daga tushe, kuma kafin in taɓa kwamfuta sai da na yi kwanaki da takarda da fensir, wani lokaci a zauren Baba. Jadawalin farko na kaya ne, inda kowane abu mai ƙafar kansa ya samu layinsa: injin daban, monita daban, UPS daban, firinta daban. Mabuɗinsu lamba ce tamu, wadda muka rubuta da fenti a jikin kowanne, lambar kamfani kuma in akwai ta sai ta zauna a gurbinta. Ban sa ma'ana a cikin lambar ba. An so in sa harufan sashe a gabanta, na ƙi, domin ranar da na'urar ta bar sashen lambar za ta fara ƙarya. Lambar da aka ba wani abu ba a sake ba wani, ko da an yi gwanjonsa. Sai jadawalin ofisoshi, na ma'aikata, na 'yan kwangila, da na samfuri, don kada a riƙa maimaita sifofin injin iri ɗaya sau ashirin. Kibod da linzami na bar su a tsarin siminti, ana ƙirga su da adadi, domin wahalar bin kowanne ta fi kuɗinsa. RAM da faifan ajiya kuwa na ba su jadawali mai nuna cikin injin da kowanne yake, da ranar da aka sa shi, da ranar da aka cire.

Zuciyar aikin ita ce jadawalin zirga-zirga. A jadawalin kaya ban bar gurbin ofis ba sam, don kada wani ya samu abin gogewa. Duk motsi layi ne sabo: lambar kaya, daga ina, zuwa ina, wace rana, wa ya ba da izini, wa ya karɓa, lambar takardar da aka sa wa hannu. Shagon mai gyara ma wuri ne, yana da layinsa a cikin jerin wurare, haka ɗakin da ake tara matattun na'urori kafin kwamiti ya yanke musu hukuncin gwanjo. In kana son sanin inda abu yake yau, na'ura za ta duba layinsa na ƙarshe. In kana son sanin inda yake a watan azumin bara, yana nan. In an yi kuskure, sabon layi ake shigarwa mai warware na baya, da bayanin dalili. Jan biron Baba ke nan.

Fom shi ne fuskar da akawu yake gani, kuma a nan na koyi cewa rumbu mai kyau yana iya mutuwa saboda fom mara kyau. Na farko da na zana na bi tsarin jadawalaina, akawun da za ta riƙa shigar da bayanai ta ce ita ba ta gane kansa ba. Na karɓi littafin bauca na ajiye kusa da monita, na sake zana fom ɗin yadda idonta ya saba bi: kwanan wata a sama ta dama, lamba a kusa da shi, mai bayarwa da mai karɓa a ƙasa. A ranar ta kama. Duk inda amsa take cikin jerin da aka sani, ofis ko ma'aikaci ko samfuri, akwatin zaɓi na sa, ba a bugawa da hannu, ta haka Sashen Kuɗi ya koma suna ɗaya. Fom ɗin ba ya karɓar motsi ba tare da sunan mai karɓa ba, ba ya karɓar ranar da ba ta zo ba, ba ya yarda a share ofishin da ke da kaya a kansa. In ka buɗe shafin na'ura ɗaya, a ƙasansa akwai ƙaramin fom mai jero duk inda ta taɓa zuwa da duk gyaran da aka yi mata, kamar katin da ke rataye a kanta. Har muka gano wata firinta da kuɗin gyaranta a shekara biyu ya kusa kuɗin sabuwa.

Ban yar da takarda ba, kuma har yau ba na ba kowa shawarar ya yar. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana iya lalata fayil ɗin Access, ƙurar hunturu tana cin faifan fulofi mai ɗaukar megabait 1.44 kacal. Duk Juma'a nakan kwafi fayil ɗin sau biyu, ɗaya ya kwana a wani gini daban. Duk ƙarshen wata mukan buga jerin kayan kowane ofis, shugaban ofishin ya duba da idonsa ya sa hannu. Na'ura ba ta san an ɗauki monita ba sai an gaya mata. Abin da ke sa a gaya mata shi ne maigadi ya ƙi barin kaya ya fita ƙofa ba takarda, shugaba kuma ya yarda dokar ta hau kansa kamar yadda ta hau kan masinja.

Yau akwai manhajoji irin su GLPI da Snipe-IT da ake samu kyauta, akwai ɗan lakabi mai zane-zane da waya take karantawa, akwai manhajar da ke leƙa cikin kowane injin ta hanyar sadarwar ofis ta faɗi RAM ɗinsa ba tare da an kwance shi ba. In ka buɗe ƙarƙashinsu, jadawalan Codd ne: kaya, wurare, mutane, zirga-zirga. Tun 2016 kuma, da gwamnatin Najeriya ta koma tsarin lissafi na IPSAS mai lura da kadarori, ana buƙatar kowace ma'aikata ta riƙe rajistar abin da ta mallaka. Duk da haka, ofisoshi da yawa da nake shiga abin da ake nuna mini shafi ɗaya ne na Excel a kwamfutar mutum ɗaya, ana gogewa ana sake rubutawa, lejar kuwa an daina cika ta tun da aka ce an koma kwamfuta. Wannan ya fi tsarin Baba rauni nesa ba kusa ba, kuma ranar da abu ya ɓace ƙaramin ma'aikaci ne zai ɗauki zargi.

Bayan rasuwar Baba na je tsohon yadin ina neman ko leja ɗaya mai rubutun hannunsa. Na tarar an tara littattafan a wani ɗaki mai yoyo, gara ta cinye mafi yawansu. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomi da makarantu da ma'aikatu su sa a kwashe abin da ya saura na waɗannan littattafai a adana su wuri mai kyau. Matasanmu kuma da ake ba aikin gina rumbun kayan ofis, kafin ku buɗe kwamfuta ku nemi tsohon sitokifan wurin, ko da ya yi ritaya, ku je har gida ku gaishe shi, ku roƙe shi ya nuna muku yadda ake cika kati da bauca.